Inji na Ruri, Mota Ba Ta Ja: Yadda Ake Gano Zamewar Giya Mai Sarrafa Kanta

Duk wanda ya san unguwar Jakara a cikin birnin Kano ya san wuri ne da ba ya rabo da lodi da sauke kaya. A gefenta Kasuwar Kurmi take, wadda aka kafa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), kuma kayan da a da raƙuma da jakuna ke kawowa, yau motoci ne ke ɗauke da su. Daga cikinsu akwai wasu masu matsakaicin girma, waɗanda suka fi ƙaramar mota amma ba su kai bas ba, irin su Volkswagen Sharan da aka fara ƙerawa a 1995, da Toyota Sienna da ta fito a 1997. Don zirga-zirgar iyali aka yi su a Turai da Amurka. Mu kuwa sukan iso mana bayan sun kwashe shekaru a hannun wasu, sa'an nan mu mai da su motocin haya da na dako, wani lokaci ma a ɗaura musu igiya su ja wata motar da ta mutu a hanya.

Da yawa daga cikinsu, musamman Sienna, suna da giya mai sarrafa kanta, wadda direbobi ke kira otomatik. Cutar da ta fi addabar irin wannan giya idan ta tsufa ita ce zamewa: direba ya taka totur, inji ya yi ta ruri, amma mota ta ƙi ja. Gyaran akwatin giya yana cikin gyare-gyare mafiya tsada a jikin mota, kuma ga magidancin da wannan mota ce abincinsa, kwana goma a gareji kwana goma ne babu kuɗin cefane. Sau da yawa kuwa akan sauke akwatin giya tun ba a san abin da ke damunsa ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa Fiziks da Kemistirin da ake koyarwa a sakandare sun isa mutum ya fahimci cutar, ya kuma bi matakan gano ta ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada.

Abin da ke cikin akwatin

A mota mai giyar hannu, direba ne ke taka kuloci ya raba inji da tayoyi, ya sauya giya, sa'an nan ya saki. A otomatik kuwa, mai ne ke yin wannan aiki, ta hanyar sassa uku.

Sashe na farko wani rufaffen ƙoƙon ƙarfe ne cike da mai, wanda ke tsakanin inji da akwatin giya. Injiniyoyi na kiran sa tok-kwanbata, mu kuwa bari mu kira shi tulun giya. Ɗalibi zai iya gane aikinsa da fankoki biyu: a ajiye su suna fuskantar juna, a kunna ɗaya, za a ga iskarta ta soma juya ɗayar. Haka abin yake a cikin tulu, sai dai mai ne a madadin iska. Inji na juya fanka ta farko, ita kuma ta watsa mai kan ta biyu, wadda ke haɗe da giya. A tsakaninsu akwai wata ƙaramar fanka ta uku da ke karkatar da man, ta yadda ƙarfin murɗawa kan ninka kusan sau biyu lokacin da mota za ta tashi. Wani injiniya Bajamushe mai suna Hermann Föttinger ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905 domin jiragen ruwa. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar Hydra-Matic a 1939, wadda ita ce otomatik ta farko da aka ƙera da yawa don sayarwa.

Sashe na biyu shi ne giya mai siffar rana da taurari: haƙori babba a tsakiya, ƙananan haƙora suna kewaya shi a kan wani maɗauki, sa'an nan zobe mai haƙora ta ciki ya kewaye su duka. A ɗauka rana na da haƙora 36, zobe na da 72. Idan aka riƙe zobe aka juya rana, sai ta yi zagaye 3 kafin maɗauki ya yi 1, wato giya mai ƙarfin ja. Idan aka riƙe rana aka juya zobe, zagaye ɗaya da rabi ke ba da 1. Idan aka riƙe maɗauki, zobe zai juya da baya, an sami ribas ke nan. Ashe sauya giya a nan ya dogara ne kan wane sashe aka riƙe, wane aka saki.

Sashe na uku shi ne masu riƙon: jerin faifan ƙarfe da aka saka a tsakankanin wasu faya-fayai masu kaushi, waɗanda kanikawa ke kira faiba. Wani famfo da inji ke juyawa yana tura mai da ƙarfi bayan fistin, fistin kuma ya matse faya-fayan su kama juna. A nan dokar Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17, take aiki: ƙarfi daidai yake da matsi sau faɗin wuri. Misali, matsin fasikal 1,000,000 a kan fistin mai faɗin murabba'in santimita 50 yana ba da niyuton 5,000, wato kwatankwacin nauyin buhun siminti goma. Idan matsin mai ya ragu da rabi, saura buhu biyar ke danne faifan, kuma da zarar kaya sun yi nauyi sai su suɓuce.

Daga wannan bayani mai karatu zai ga cewa zamewa na da tushe uku: ko dai matsin mai ya gaza, ko faiba ta cinye, ko kuma kwamfutar mota da bawul-bawul ɗin da ke rarraba mai sun aika shi inda bai dace ba. Duk binciken makaniki yana komawa ne kan rarrabe waɗannan ukun.

Dalilin da ya sa ja ke dafa mai

Fanka ta biyu a cikin tulu ba ta taɓa kamo ta farko a gudu. Kullum akwai ɗan bambanci, kuma wannan bambanci zafi yake komawa, kamar yadda tafin hannu ke ɗumi idan aka goga shi da ɗan'uwansa. Bari mu yi lissafi. A ce inji na ba da kilowat 30, fankar farko na zagaye 2,000 a minti, ta biyu na 1,800. Kashi 10 cikin 100 ya salwanta, wato kilowat 3, daidai da dutsen guga na lantarki guda uku a kunne a cikin mai. A ce kuma man ya kai lita 8, wato kusan kilo 7, kuma kowane kilo na bukatar kimanin jul 2,000 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri 1. Idan babu abin sanyayawa, man zai riƙa ƙaruwa da kusan digiri 13 a kowane minti. Saboda haka ne aka bi da bututun man giya ta cikin lagireto domin ruwa ya kwashe zafin.

Motocin zamani na da wani kuloci a cikin tulu da ke kulle fankokin biyu su zama abu ɗaya, to amma a tsofaffin motoci ba ya kamawa sai mota ta miƙe da gudu. Kano kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, don haka abin da ke wahalar da giya a Jakara da kewayen Kurmi shi ne tafiyar hawainiya: a tashi, a tsaya, a kauce wa mai baro, a ba Adaidaita Sahu hanya. A irin wannan tafiya tulu na zamewa koyaushe, iskar da ke bugun lagireto kaɗan ce, ga shi a watan Afrilu zafin gari kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka ƙara da jan mataccen mota mai nauyin fiye da tan ɗaya a bayan motar da ita kanta ta kusa tan biyu, dokar Niyuton ta biyu ta nuna cewa kowace tashi na bukatar ƙarin ƙarfi gwargwadon ƙarin nauyin.

Man giya ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95. Masanin Kemistiri ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya nuna a 1889 cewa zafi na gaggauta haɗuwar sinadarai, kuma daga nan aka sami ƙiyasin da masana mai ke amfani da shi, cewa ƙarin digiri 10 kan ninka saurin lalacewar mai da iskar oksijin. Man da ya dahu yakan yi baƙi, ya bar dauɗa a cikin bawul. Robobin da ke toshe gefen fistin su bushe su taurare, mai ya riƙa sulalewa, matsi ya ragu. Faiba ta soma zamewa, zamewar ta haifar da sabon zafi, zafin ya ƙara ƙona ta. Da haka ƙaramar matsala ke girma cikin 'yan makonni.

Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Sienna jan nauyin fam 3,500, wato kimanin kilo 1,590. Amma a lura, wannan adadi na motar da aka tanadar wa kayan ja ne tun daga masana'anta, ciki har da ƙarin abin sanyayawa, kuma lafiyayyar mota ake nufi, wadda ba a cika cikinta da diloli ba.

Mataki na farko: a tabbata zamewa ce

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, to amma sai an san abin da ya tsamar da shi. Ba duk motar da ta ƙi ja ce giyarta ta zame ba. A dubi agogo biyu da ke gaban direba, na zagayen inji da na gudun mota. Idan allurar inji ta haura da sauri, ta gudu kuwa ta tsaya cik, wannan zamewa ce. Idan kuwa inji da kansa ya kasa tashi, yana shaƙewa ko karkarwa, sai a nemi laifin a fulogi, ko famfon fetur, ko toshewar salansa. Birkin da ya kama taya shi ma yakan hana mota ja, ana gane shi da zafin da ke fita daga wannan ƙafar bayan 'yar tafiya.

Sa'an nan a tambayi direba, domin shi ne ya fi kowa sanin halin motarsa. Yaushe take yi? Idan da safe ne kawai, ta daina bayan ta ɗumama, zargi ya fi karkata ga ƙarancin mai ko robobin da suka taurare. Idan sai ta yi zafi take yi, to man ya tsinke yana sulalewa ta wuraren da suka ci. Idan a kowace giya take yi, a tuhumi abin da duk giyoyi suka yi tarayya a kansa: mai, matatarsa, ko famfo. Idan kuwa a wuri ɗaya ne, misali wajen shiga giya ta uku, ko a ribas kaɗai, laifin na faiba ko bawul ɗin wannan giyar ne.

Mataki na biyu: a karanta mai

Kamar yadda likita ke duba jini, haka makaniki ke duba man giya. A yawancin motocin da ke da gejin man giya, ana auna shi ne bayan mota ta yi tafiya ta ɗumama, an tsayar da ita a wuri mai daidaito, inji na aiki. A taka birki, a bi da sandar giya ta kowane harafi, a mai da ita P, a zaro geji a goge da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Ƙarancin mai na sa famfo ya zuƙi iska, ita kuwa iska tana matsuwa, saɓanin mai, don haka fistin ba zai danna da ƙarfi ba. Yawan mai fiye da kima shi ma illa ne, domin haƙoran giya za su kaɗa shi ya yi kumfa. Wasu motocin, musamman na Jamus, ba su da geji, sai makaniki ya kwance wani noti a jikin akwatin ya auna.

A ɗiga man a kan farar takarda. Sabon mai yawanci ja ne garau, saboda rinin da aka sa masa don a bambanta shi da baƙin mai. Idan ya koma ruwan ƙasa mai haske, ya tsufa, lokacin canji ya yi. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, faiba ta riga ta ƙone. Idan kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. Hanyar shigarsa biyu ce: ko bututun da ke cikin lagireto ya ɓule, ko an kutsa da mota cikin ambaliya. Wannan na biyun abin lura ne ga mutanen Jakara, domin rafin Jakara ne ke tattara ruwan babban sashe na tsohon birni, kuma a watan Agusta hanyoyin kwari kan cika. Akwatin giya na da 'yar ƙofar numfashi a samansa, kuma idan akwati mai zafi ya nutse a ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ta zuƙo ruwa. Ruwa kuwa yana ɓamɓare faiba daga jikin faifanta.

A kuma bincika wane irin mai aka zuba. Jan launi kaɗai bai isa shaida ba. General Motors ta fito da ma'aunin Dexron a 1967, Toyota kuma na da nata, irin su T-IV da WS, kowanne da irin santsin da aka auna wa faibarsa. Sau da yawa akan rubuta sunan man da ya dace a jikin geji ko a littafin mota.

Mataki na uku: a tambayi kwamfuta

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance da tsarin bincike na OBD-II, don haka kowace Sienna na da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karatu. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne. P0730 na nufin kwamfuta ta kwatanta gudun shiga da na fita ta ga ba su dace da giyar da ta umarta ba. P0741 na nuni ga kulocin cikin tulu. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba ta yanke hukunci. Waya da ta tsinke, ko na'urar auna gudu da ta mutu, ko bawul na lantarki da ya maƙale, duk sukan kawo alamun da suka yi kama da zamewa, kuma gyaransu bai kai kusa da kuɗin sauke akwati ba. Wani lokaci ma kwamfuta da kanta ke kulle mota a giya ɗaya don ta kare ta, sai direba ya ji ta yi nauyi wajen tashi ya zaci ta zame.

Mataki na huɗu: gwaje-gwajen makaniki

Gwaji na farko na agogo ne. A taka birki, a matsa daga N zuwa D, a ƙirga lokacin da za a ji mota ta kama. A lafiyayyar giya bai cika wuce daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Dogon jinkiri alama ce ta raunin matsi ko cinyewar faiba.

Na biyu shi ne auna matsi kai tsaye, ta hanyar ɗaura ma'auni a wata kafa da aka tanada a jikin akwatin, a kwatanta da adadin da kamfani ya bayar. Matsi ƙasa a ko'ina na nuna famfo ko toshewar matata. Matsi daidai amma ana zamewa na nuna faiba.

Na uku gwajin turjiya ne: a danne birki sosai, a sa D, a taka totur har ƙasa, a karanta inda allurar inji ta tsaya. Idan ta zarce adadin kamfani, faiba na zamewa. Idan ta gaza, inji ne ba shi da ƙarfi, ko fanka ta uku ta cikin tulu ta lalace. A wannan gwaji duk ƙarfin inji zafi yake zama, saboda haka ba a wuce daƙiƙa 5, ba a yin sa da mutum a gaban mota, kuma aikin ƙwararre ne.

A ƙarshe a kwance farantin ƙasan akwati. Akwai maganaɗisu a cikinsa. Laushin toka-toka kaɗan a jikinsa ba abin damuwa ba ne. Baƙin gari mai yawa faiba ce ta marmashe, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa haƙora ko boris ne suka ci. Sai an kai wannan matsayi ne ya kamata a yi maganar sauke akwati, ko tafiya Kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani.

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa canza man otomatik na kashe giya. Gaskiyar abin ita ce, idan faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo a cikin tsohon mai yakan ba da ɗan kaushin da ke riƙe ta na wani lokaci. Sabon mai na zuwa sai ɓarnar da ta daɗe a ɓoye ta bayyana. Canjin da aka yi a kan kari, tun mai bai ƙone ba, shi ke tsawaita ran giya.

Rigakafi ya fi magani

Mai irin wannan mota ya kiyaye abubuwa kaɗan. Idan zai ja nauyi, ya danna maɓallin O/D OFF ko ya sauko da sanda zuwa 3, domin kada giya ta yi ta hawa da sauka. A kan gangare, kamar a hanyar Jos, ya riƙe mota da birki, kada ya riƙe ta da totur. A doguwar tsayuwa ya mai da ita N. Ya wanke lagireto, ya tabbata fankarsa na tashi, in da hali ya sa a ƙara masa ɗan lagireton man giya a gaba. Motar da ke dako ko ja tana bukatar canjin mai da wuri fiye da motar gida.

Haka kuma idan ita otomatik ɗin ce ta mutu, kada a ɗaura mata igiya a yi doguwar tafiya da ita. Famfon mai da inji yake juyawa, idan inji a kashe yake, tayoyi za su riƙa juya sassan giya a bushe. A nemi janwe ya ɗaga tayoyin da ke ja, ko a ɗora ta gaba ɗaya. Wannan dalili ne kuma ya sa ba a tayar da irin waɗannan motoci da turi.

Ga malamai da ɗalibai

Darussan matsi, gogayya, canzawar makamashi da saurin haɗuwar sinadarai duk suna cikin manhajar sakandare, kuma ga su a tattare cikin akwati ɗaya. Malami zai iya kawo fankoki biyu aji, ya sa ɗalibai su riƙe ta biyun da ɗan kara su ga yadda ta farko ke ci gaba da juyawa, kamar mota a D an taka birki. Zai iya karɓo sabon mai da tsoho daga gareji a ɗiga a takarda a kwatanta, ko ya ba su lissafin nan na kilowat 3 su sake shi da zamewar kashi 20 cikin 100. Ya fi kyau ma a nemi izini a kai su wurin makanikin giya su ga rana da taurarinta da idonsu. Ɗalibin da ya iya kallon agogo biyu, ya karanta ɗigon mai a takarda, zai iya taimakon mahaifinsa ko maƙwabcinsa ya yi wa makaniki tambayar da ta dace kafin a sa sufana.